Zafi Iri Biyu: Agadas da Bur Sudan

Idan malami ya tambayi ɗan makaranta, "Mece ce hamada?" nan da nan yaron zai ce, "Wuri ne mai rairayi da zafin rana, inda ba a yin ruwan sama." Amsar ba ta da laifi, amma ba ta cika ba. Hamada suna ce ta tara. Akwai wadda darenta ya kan sa mutum ya nemi bargo, akwai kuma wadda ko da tsakar dare gumi ba ya barin mutum ya rintsa.

A wannan wata za mu duba garuruwa biyu na hamada, mu gwada su da juna. Na fari shi ne Agadas a ƙasar Nijar. Na biyu shi ne Bur Sudan a bakin Bahar Maliya, wanda a ke rubuta sunansa Port Sudan a taswira. A dukansu biyu ma'aunin zafi ya kan haura digiri 40, a dukansu kuma ruwan sama abin marmari ne. Duk da haka zafinsu ba iri ɗaya ba ne, dabarar da ta ke ceton mutum a ɗaya kuwa ba lalle ta yi masa amfani a ɗayan ba.

Waɗannan wurare ba baƙi ba ne ga Hausawa. Tun kaka da kakanni fatake su ke bin hanyar Agadas da tufafi da fatu da hatsi, su komo da gishiri da dabino, Hausa kuwa ita ce harshen kasuwar garin har yau. Ta wajen gabas kuma, masu tafiya Makka da ƙafa su kan ratsa Barno da Wadai da Darfur, har su kai bakin teku a Sawakin, inda a ke hayewa zuwa Jidda. Da yawa ba su komo ba, suka zauna a Sudan, jikokinsu suna can har yanzu. A zamaninmu kuma samari da yawa suna bi ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya da wuraren haƙar zinariya. Sabo da haka sanin halin zafin hamada ba zancen ɗakin karatu kaɗai ba ne. Wani sa'i shi ne ya ke raba wanda ya komo gida da wanda bai komo ba.

Inda Garuruwan Su Ke

Masana labarin ƙasa sun zana layuka a taswira domin nuna nisan wuri daga tsakiyar duniya. Kano tana kan layi na 12 arewa. Agadas tana kan na 17, Bur Sudan kuma tsakanin na 19 da na 20. Watau kusan a jere su ke, rana tana bugunsu kusan daidai, ko da ya ke akwai kimanin kilomita 3,000 tsakaninsu daga yamma zuwa gabas.

Agadas tana gindin duwatsun Abzin daga kudu, a kan tudu mai tsayin kimanin mita 500 bisa teku. Duk inda mutum ya nufa daga can, sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ya ga teku. Tsohon gari ne, mazaunin sarkin Abzin tun ƙarni na 15.

Bur Sudan kuwa ƙafafunta a cikin ruwa su ke. Gabanta teku, bayanta siririn fili, daga nan sai jerin duwatsun Bahar Maliya, waɗanda wasunsu sun haura mita 2,000. Sabon gari ne in an gwada shi da Agadas. Turawan Ingila ne suka fara gina shi a 1905, aka buɗe tasharsa a 1909, domin mashigin Sawakin, wadda ta ke kimanin kilomita 60 daga kudu, ya yi wa manyan jiragen ruwa ƙunci.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe ke nan: ɗaya tana tsakiyar ƙasa, ɗaya tana bakin ruwa. Dukan bambancin da za mu gani daga nan ya fito.

Abin da Ma'auni Ya Nuna

Kafin mu shiga lissafi, ga abin tunawa. A ma'aunin da a ke aiki da shi, ruwa ya kan daskare a digiri 0, ya tafasa a digiri 100, jikin mai lafiya kuma yana kan 37. Adadin da za mu bayar matsakaici ne na shekaru da yawa. Wata rana a kan wuce shi, wata rana a kasa.

Mu fara da watan Janairu. Da rana tsaka Agadas ta kan kai digiri 28, Bur Sudan kuma 27. Wanda ya duba wannan kaɗai zai ce garuruwan tagwaye ne. Amma bari dare ya yi. Kafin asuba Agadas ta sauka zuwa 11 ko 12, a kan duwatsun Abzin ma har ruwa ya kan daskare wani dare. A Bur Sudan kuwa da wuya a sauka ƙasa da 19 ko 20. Mutumin Agadas yana jin wuta yana ƙudundune cikin bargo, na Bur Sudan yana kwance da mayafi marar nauyi.

Lokacin zafi ma ba ɗaya ba ne. Zafin Agadas ya kan kai ƙarshensa a Mayu da Yuni, kamar bazararmu, da rana digiri 41, da dare 26. In Yuli da Agusta suka zo da gajimare sai a sami ɗan sauƙi, rana ta koma 38 ko 39, dare 24 ko 25. A Bur Sudan kuwa watan Mayu yana wajen 35 ne tukuna. Nata zafin sai Yuli da Agusta, daidai lokacin da mu ke tsakiyar damina. A sa'an nan rana ta kan kai 40 ko fiye, dare kuma ya tsaya tsakanin 28 da 30.

In mun debe na dare daga na rana, za mu ga Agadas tana samun ragowar digiri 15 ko 16 kusan kowane dare. Bur Sudan kuwa daga 7 zuwa 12 ne kawai. Kada mai karatu ya raina wannan. Dare shi ne lokacin da jiki ya ke hutawa daga wahalar rana. Garin da darensa ba ya yin sanyi, mutanensa su kan wayi gari da gajiyar jiya.

Rairayi da Ruwa

Me ya kawo wannan bambanci? Dalili na fari kowace mace ta san shi a tsakar gidanta. Da azahar rairayi ya kan ƙone ƙafa, amma ruwan bokitin da aka ajiye a wurin ɗumi kawai ya yi. Da dare kuma rairayin ya huce sarai, ruwan kuwa da sauran ɗuminsa. Kafin ruwa ya yi zafi yana bukatar wuta kusan ninki biyar na abin da busasshen rairayi mai nauyi ɗaya da shi ya ke bukata, haka nan kuma ya ke jinkirin hucewa. Bahar Maliya babban bokiti ne a ƙofar Bur Sudan. A lokacin sanyi ruwansa yana wajen digiri 25, a ƙarshen zafi ya kan kai 30 ko ya ɗan wuce. Shi ne ya ke hana garin yin ɗari a Janairu, shi ne kuma ya ke hana shi hucewa a daren Agusta. Agadas ba ta da irin wannan maƙwabci, sai dutse da rairayi, masu saurin zafi da saurin sanyi.

Dalili na biyu shi ne laima, watau tururin ruwa da ke cikin iska wanda ido ba ya gani. Laima kamar bargo ce a bisa ƙasa. In tana da yawa, zafin da ƙasa ta sha da rana ba ya samun hanyar fita da dare. In babu ita, sai ya tashi sama ya tafi abinsa. A kan auna laima da kashi cikin ɗari. A Agadas, da rana a watan Maris ko Afril, ta kan sauka zuwa kashi 10 ko ƙasa da haka. Leɓe ya tsage, hanci ya bushe, wankin da aka shanya ya bushe kafin a gama na biyu. A Bur Sudan daga Oktoba zuwa Fabrairu tana tsakanin kashi 60 da 70. A Yuni da Yuli ta kan ragu sa'ad da iska mai zafi da ƙura ta gangaro daga duwatsu, amma daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba zafi da laima su kan haɗu, garin ya zama kamar ɗakin da a ke dafa ruwa an rufe ƙofa.

Damina a Watan Nuwamba

A kan auna ruwan sama da milimita, milimita 25 kuwa inci ɗaya ke nan. Kano ta kan sami fiye da 700 a shekara. Agadas tana samun daga 110 zuwa 150, Bur Sudan kuma ba ta cika kai 100 ba. Abin mamaki, garin bakin teku ya fi na tsakiyar ƙasa ƙarancin ruwa.

Abin da ya sa dukansu su ke hamada abu ɗaya ne. A tsakiyar duniya iska mai ɗumi ta kan tashi sama, ta zubar da ruwanta a ƙasashen kurmi. Sa'an nan ta yi tafiya a can sama, ta sauko a busasshiyarta wajen waɗannan layuka da garuruwanmu biyu su ke. Iska mai saukowa kuwa ƙara zafi ta ke yi, ba ta haɗa hadari. Sabo da haka ko da akwai laima a ƙasa-ƙasa, kamar a Bur Sudan, ba ta samun damar tashi ta zama gajimare.

Ɗan ruwan da Agadas ta ke samu jelar daminarmu ce. Iskar da ta ke tasowa daga tekun Atlantika ta kan kai Ikko da ruwa tun Maris, ta kai Kano a Mayu ko Yuni, ba ta isa Agadas sosai sai Yuli, ta riga ta gaji. Yawancin ruwan garin a Yuli da Agusta ya ke sauka. Gaba kaɗan ma ba ta kaiwa: Balma, garin gishiri, ba ta samun ko milimita 20 a shekara.

Wannan iska ta kan kai Sudan ma, ta ba Hartum ruwa a Yuli da Agusta. Amma kafin ta ƙetare duwatsun Bahar Maliya ta zubar da ɗan abin da ya rage mata, sai ta gangara bakin teku da zafi da ƙura. Ruwan Bur Sudan daga wata hanya dabam ya ke zuwa. Daga Oktoba zuwa Janairu iskar arewa mai bin tsawon teku ta kan yi karo da wata mai tasowa daga kudu, hadari ya haɗu, ya bugi duwatsu, ya zubar. Nuwamba shi ne watan da ya fi ruwa. A kan duwatsun akwai wani wuri, Arkawit, mai tsayin fiye da mita 1,000, inda hazo mai laima ya kan rufe itatuwa a lokacin sanyi, wurin ya yi kore shar a tsakiyar ƙasa busasshiya. A zamanin mulkin Turawa can ma'aikata su ke gudu su huta in zafi ya tsananta.

Makiyaya sun san wannan lissafi ba tare da takarda ba. A Nijar, Abzinawa da Fulani su kan taru a Ingal, yamma da Agadas, a watan Satumba, ƙarshen damina, dabbobi su lashi gishiri su ci sabuwar ciyawa. In zafi ya karye wajen Oktoba sai ayarin raƙuma ya tashi zuwa Fashi da Balma ɗaukar kantu da dabino. A Sudan kuwa, mutanen Beja su kan gangaro da raƙumansu da awakinsu filin bakin teku a lokacin sanyi, sa'ad da ciyawa ta tsiro, in zafi ya zo su hau duwatsu. A wata guda, Nuwamba, ciyawar Abzin tana bushewa, ta bakin Bahar Maliya tana tsirowa.

Ranar da Ruwa Ya Yi Yawa

Matsakaicin lissafi ya kan ruɗi mutum. A hamada wata shekara ta kan wuce kusan ba ɗigo, wata kuma rabin ruwan shekara ya sauka a dare ɗaya. Dutse ba ya shan ruwa, ba kuma ciyawar da za ta tare shi, sai ya taru ya bi busassun ƙoramu da gudu.

A farkon Satumba 2009 aka yi ruwa mai ƙarfi a duwatsun Abzin. Ƙoramar Telwa, wadda ta ke wucewa kusa da Agadas, ta cika ta fasa, ruwa ya shiga unguwanni, gidajen ƙasa masu yawa suka rushe, dubban mutane suka rasa wurin kwana. A Agusta 2024 kuma madatsar ruwa ta Arba'at, wadda ta ke kimanin kilomita 40 daga Bur Sudan, ta fashe bayan ruwa mai yawa a kan duwatsu. Ƙauyuka wajen 20 suka lalace, aka rasa rayuka da dama. Wannan madatsa kuwa ita ce babbar hanyar ruwan sha ta garin, a lokacin da ya cika maƙil da mutanen da suka gudo daga yaƙin da ya ɓarke a Hartum a Afril 2023.

Wani zai ce, gari a bakin teku ya rasa ruwan sha? Haka ne. A kowace lita ta ruwan Bahar Maliya akwai gishiri kimanin giram 40, ya fi na Atlantika mai 35, domin rana tana shanye shi, ba kuwa wani babban kogi da ke zuba a cikinsa. Wanda ya sha shi ƙishirwa ce za ta ƙaru. Amfaninsa ga mutanen garin shi ne su tare shi a fadamu, rana ta busar, su kwashi gishiri, kamar yadda mutanen Balma su ke yi da ruwan ramukansu.

Darasin matafiyi a nan gajere ne: kada a kwana a cikin busasshiyar ƙorama, komai laushin rairayinta, ko da sama tana garau. Ruwan da zai zo, a can nesa aka yi shi.

Gini Ya Bi Halin Gari

Mai ɗaki ya san inda ya ke yi masa yoyo. Magina na dā a wuraren nan biyu sun karanta iskar garinsu daidai.

A Agadas gidajen ƙasa ne, bango mai kauri, tagogi ƙanana. Zafin rana ya kan ɗauki sa'o'i da yawa kafin ya ratsa irin wannan bango, kafin ya shiga ɗaki rana ta faɗi, mutane sun fito tsakar gida shan iska. Da dare kuma bangon ya huce, ya ajiye sanyi domin gobe. Hasumiyar babban masallacin garin, mai tsayin mita 27, da ƙasa aka gina ta wajen 1515, aka sāke gina ta a 1844, tana nan tsaye domin ruwan sama kaɗan ne, ana kuma yi mata yaɓe a kai a kai. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

A Sawakin kuwa da dutsen murjani aka yi gini, watau dutse mai rami-rami da ƙananan halittun teku su ke tarawa a ƙarƙashin ruwa. Gidajen benaye ne, hawa biyu ko uku, an shafe su da farar ƙasa, da manyan tagogi na katako masu huda-huda da suka turo waje domin su kama iskar teku. Da ciniki ya koma Bur Sudan aka bar gyaransu, laima da gishiri suka cinye su, yawancinsu sun zube.

A taƙaice, magini a Agadas rufe iskar rana ya ke yi a waje, domin ya san dare zai kawo sanyi. Magini a bakin teku kuwa buɗe mata ƙofa ya ke yi, domin in ba iska mai motsi ba, ba abin da zai taimake shi. Ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin bai dace da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Yadda Jiki Ya Ke Fama

Yanzu mun zo kan abin da ya fi muhimmanci. Fatar mutum tana wajen digiri 35. In iska ta fi haka zafi, hanya ɗaya ce ta rage wa jiki ya huce, watau gumi. Amma a lura, ba fitowar gumi ke sanyaya jiki ba, bushewarsa ce. Randa ita ce shaida. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska tana busar da shi, na ciki yana yin sanyi. Shi ya sa ruwan randa ya kan yi sanyi ƙalau da hunturu da bazara, amma a Agusta, da iska ta cika da laima, sai a ji shi salam. Da wannan hikima ce wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani domin adana tumatir da ganye, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Irin wannan tukunya za ta yi aiki ƙwarai a Agadas, amma a bakin teku amfaninta kaɗan ne.

Masana su kan gwada wannan da ma'aunin da aka naɗe kansa da jiƙaƙƙen tsumma, domin ya nuna iyakar sanyin da gumi zai iya kawowa. A ce rana ta kai digiri 41 a Agadas, laima kashi 10. Jiƙaƙƙen ma'auni zai nuna wajen 19. A ce kuma a bakin teku zafi 36 ne kawai, amma laima kashi 60. Jiƙaƙƙen ma'auni zai nuna wajen 29. Ga gari mai ƙaramin adadi a rediyo, amma shi ne ya fi wa jiki nauyi nesa ba kusa ba. In jiƙaƙƙen ma'auni ya kai 35, ko ƙaƙƙarfan saurayi da ke zaune a inuwa da ruwa a gabansa ba zai jure fiye da 'yan sa'o'i ba.

To, ashe Agadas ta fi sauƙi ke nan? Ga mai inuwa da isasshen ruwa, i. Amma hatsarinta ɓoyayye ne. Gumi yana bushewa tun bai taru ba, riga a bushe, sai farin gishiri a wuya da hammata. Mutum ba ya ganin abin da ya ke asara, alhali mai tafiya ko aiki a rana ya kan zubar da lita guda a sa'a ɗaya. In ruwa ya ƙare a irin wannan zafi, kwana biyu ko uku ne. A Oktoba 2013 aka sami gawawwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Yawancinsu mata ne da yara daga kudancin Nijar. Ƙishirwa ce ta kashe su, a watan da ba shi ne ma ya fi zafi ba.

A Bur Sudan hatsarin a fili ya ke. Gumi yana zuba, riga ta jiƙe sharkaf, amma jiki bai huce ba. Zuciya tana ta aikin tura jini zuwa fata dare da rana ba hutawa. Tsofaffi da jarirai da mata masu ciki da masu hawan jini su ne su ke fara faɗuwa, musamman in wutar lantarki ta ɗauke, fanka ta tsaya. A can shan ruwa kaɗai bai isa ba, sai an sami hanyar sanyaya jiki.

Abin da Iyali Za Su Riƙe

Ko wanda ba shi da niyyar zuwa ko'ina yana da rabo a wannan magana, gama ƙasarmu tana ɗanɗana zafin nan iri biyu. Maris da Afril a Sakkwato ko Maiduguri ɗan'uwan zafin Agadas ne. Gumin da ya kan rufe gari gab da faɗuwar damina kuma ɗan'uwan na Bur Sudan ne. Zafi kuwa ƙaruwa ya ke yi: a Afril 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5.

A busasshen zafi, a sha ruwa tun ba a ji ƙishirwa ba. A duba fitsari: in ya yi ja ko ya ragu, ruwan jiki ya yi ƙasa. A rufe jiki da kai da tufafi masu faɗi, kamar yadda Abzinawa su ke yi da rawani da amawali, gama tsiraici a irin wannan rana ƙara asarar ruwa ya ke yi. A rufe tagogi da rana, a buɗe da dare. Jiƙaƙƙen zane a bakin taga zai sanyaya ɗaki.

A zafi mai laima, a nemi inda iska ta ke kaɗawa. A sa tufafin auduga marasa nauyi, a yawaita wanka, a bar aiki mai nauyi sai safiya ko yamma. A riƙa share wa yara gumi sabo da ƙurajen zafi.

Jaririn da bai kai wata shida ba, nono ya ishe shi, sai dai uwa ta yawaita ba shi, ita kuma ta sha ruwa sosai. Wanda ya galabaita da gumi ko zawo, a haɗa masa lita guda ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa. In kuwa mutum ya fara sambatu, ko ya ruɗe, ko ya suma, jikinsa zafi rau, to, ba lokacin jira ba ne. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

Ku iyaye, in ɗanku ya ce zai bi hanyar arewa, in kun kāsa hana shi, ku tambaye shi lita nawa zai ɗauka. A lokacin zafi mutum ɗaya yana bukatar wajen lita 8 zuwa 10 a yini, a kuma lissafa da kwanakin da mota za ta iya lalacewa, ba da kwanakin da direba ya faɗa ba. Ya sanar da wani ranar tashinsa da ranar da ya kamata ya isa. In mota ta tsaya, ya zauna a inuwarta, kada ya kama tafiya da ƙafa cikin rana, gama masu nema sun fi saurin ganin mota da ganin mutum. Ya kuma sa bargo cikin kayansa, domin hamadar da ta gasa shi da azahar ita ce za ta sa shi rawar ɗari kafin asuba.